Kwana Uku Nesa da Kaza

Tijmen ya fara ganin Sanneke ne tana zura tsinken auduga a maƙogwaron wata kaza, shi kuma yana riƙe da kazar. Daga ɗakin gwaji aka turo ta gonar mahaifinsa a Barneveld, ta ɗebi majina da jini a ga ko rigakafin murar kaji ya kama.

"Ka iya riƙo," ta ce.

"A kan kaji dubu arba'in na koya."

"To kar ka shaƙe min wannan."

Kafin wata guda ta zama Likitata a bakinsa, shi ya zama Ɗan tsakona a bakinta.

Da ya kawo zancen aurenta, mahaifinsa Aalt ya ce sam. "Yarinyar da ke wuni da cuta a kwalba? Ga Rianne nan!" Rianne 'yar maƙwabci ce, gonarsu na jikin tasu. A idon Aalt wannan shi ne rabin kyawun mace.

Da kyar matarsa Dirkje ta shawo kansa aka gayyaci Sanneke bikin cikarsa shekara sittin. A garinmu ana yafe wa wanda bai zo jana'iza ba, amma ba a yafe wa wanda bai zo ya zauna cikin da'irar kujeru ya sha kofi da yankan kek ɗaya ba.

Ranar bikin da safe saƙon Sanneke ya shigo: "Ɗan tsakona, ba zan zo ba. Jiya na yi aiki da ƙwayar cuta mai rai. Kwana uku ba na kusantar kaza, doka ce. Ka gaishe min da Baba."

"Kek aka ce ki ci, ba kaza ba. Kin kunyata ni."

"Taku ashirin ne daga falonku zuwa ɗakin kaji. Ba zan zo ba."

Ya daina amsa mata.

Rianne kuwa ta zo da furanni, kai tsaye daga cikin kajin babanta da suka kwana biyu suna atishawa. Ƙura ce kawai, in ji su. Aalt ya zagaya da ita ɗakin kajinsa, ta ga abin da ke jiranta in ta auri ɗansa.

Kwana huɗu bayan nan kajin suka soma kakari, idanu na ruwa, ƙwai na fitowa da ɓawo kamar takarda. Wa Aalt ya zarga? Wadda rabonta da gonar wata biyu, mana.

"Ko Sanneke ko gonar, ka zaɓa!" ya ce wa Tijmen.

Tijmen ya ɗebi majinar da kansa ya kai ɗakin gwaji. Sanneke ba ta ɗago kai ba.

"Ajiye can. Yau ba na ba ka kunya?"

"Likitata..."

"Ajiye can, na ce."

Takarda ta fito: sabon nau'in cuta ne da rigakafin bai sani ba, ɗakin gwajinsu ma bai taɓa ajiye irinsa ba. A ƙasa ta ƙara da biro: "Ku duba littafin baƙi."

Littafin na rataye a ƙofar ɗakin kaji. Suna ɗaya ne a makon, Rianne, da rubutun hannun Aalt kansa. Dirkje ta riƙe wa mijinta shafin a buɗe, ta daɗe fiye da yadda ake buƙata.

"Karanta da ƙarfi, Aalt. Ban taho da tabarau ba."

"Hm," in ji Aalt.

Shi bai ba da haƙuri ba. Tijmen ne ya bayar, sau goma sha ɗaya, kafin Sanneke ta rubuto: "Zo ka ɗauke ni. Ka yi wanka tukuna."

A watan Mayu aka ɗaura aure. Bayan an fito coci Aalt ya miƙa wa amarya kwali, ba ko kintinkirin ado da aka ɗaure shi da shi. Takalman roba ne na shiga ɗakin kaji, ya rubuta sunanta da farin fenti a jikin kowanne.

"Allah ya yi muku albarka, 'yata," ya ce yana kallon ƙasa. "Na tambayi Tijmen lambar ƙafarki, bai sani ba. In sun matse ki, laifinsa ne."