Inda Idon Ilu Mai Hoto Ya Tafi

Ku matso kusa da wutar nan. Sagir, bar tsokanar garwashi. Hajjo, ke da kika ce ba kya jin tsoro, saki bakin zanena tukuna.

Ɗazu na ji ku kuna yi wa Kaka Ilu tsiya, wai idonsa ɗaya ya tafi kasuwa bai dawo ba. Shi kuwa yana ta dariya. To, yau zan gaya muku inda idon ya tafi. Babana ne ya ba ni labarin. Wanda ya kai ƙarata wurin Gwaggo Uwani, ni da shi ne.

A lokacin ba a haifi babana ba, ba a haifi uwarku ba. Kaka Ilu matashi ne, idonsa biyu ras. Mai hoto ne. Yana bin kasuwannin ƙauye a keke, kyamara rataye a wuya. Ya ɗauka, ya kai Funtuwa a wanke, ran kasuwa ya dawo wa kowa da nasa. Masu hoto kuwa suna da wata ɗabi'a. In hoto ya yi kyau, sai su wanke biyu, ɗaya na mai shi, ɗaya su ajiye don nuna wa mutane. Ku riƙe wannan.

Matarsa, Kaka Dije, tana da ciki wata bakwai. Sau biyu tana ɓari kafin wannan. Gidan nan duk a tsorace ake, ko tulu ba a bari ta ɗaga.

Ana tsakiyar sanyi, irin na yau, sai labari ya zo cewa margar da ke kufan Tudun Kaya ta yi fure. Kun san marga. Ba ta fure sai bazara, in zafi ya gasa kowa. Amma ga ta cikin hunturu, wai ta yi rawaya tun daga sama har ƙasa.

Tsofaffi suka ce kada wanda ya je. Itacen da ya riga lokacinsa, ba don mutane ya yi ado ba.

Dije ce ta ce, "Malam, da ina da ƙafa, da na je na gani."

Ya ce, "Zauna. Zan kawo miki ita har ɗaki."

Kun san kakanku da taurin kai. Ya tashi daga kasuwa da la'asar sakaliya, ya karkata keke ya bi hanyar kufai. Shi kaɗai.

Ya same ta. Babu ganye ko ɗaya, sai fure yana reto kamar an rataye sarƙoƙi. Ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Bai yi sallama ba. Ya rufe idon hagu, ya ɗora na dama a kyamara, ya danna.

Sai a lokacin ya lura. Babu ƙamshi. Babu ƙudan zuma ko ɗaya. Fure mai yawa haka, amma wurin tsit.

"Mai hoto."

Ya waiga. Wata mata ce tsaye a gindin itacen. Zane ɗaya ne a jikinta, cikin wannan sanyi. Shi yana magana tururi na fita daga bakinsa. Ita babu.

Ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Ban gan ki ba."

"Ni na gan ka."

Bakinta ne ya motsa, amma muryar daga sama ta sauko, daga cikin rassa.

Ya daure. Ya ce ko za ta so ya ɗauke ta. Ai mai hoto bai iya ganin mutum tsaye ya ƙyale shi. Ya ce, "Gyara tsayuwa. Haɗa ƙafafunki." Ya duba ƙasa don ya ga ko ta haɗa.

Duga-duganta ne a gaba. Yatsun suna kallon itacen.

Hajjo, kin fa kusa yaga min zane.

Ta ce, "Wa ya ba ka?"

Kafin ya buɗe baki, ta ci gaba.

"Naku furen sai bazara. Wannan namu ne. Mayar."

Ya ce hoton yana cikin kyamara, ba ya fita sai an wanke.

"Wanke. Ka kawo duka."

Bai san yadda ya iso gida ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya je Funtuwa, aka wanke. Hoton ya fito, babu matar a ciki, sai itacen. Kuma hannunsa ya riga ya saba, biyu ya sa aka wanke.

Ya kai ɗaya kufai da rana tsaka, ya ajiye a gindin itacen, ya ɗora dutse, ya juyo da gudu. Ɗayan kuwa ya ce ai alkawari ya yi wa Dije. Kallo ɗaya za ta yi, ya mayar. Ta karɓa, ta yi ta murna. Ta ce, "Malam, bar min shi ya kwana." Ta soke shi a jikin jeren kwanukanta, saitin gado. Ni dai a nan nake jin haushinsa. Amma ina jin tausayinsa kuma, don ya daɗe bai ga ta yi dariya ba.

Washegari da yamma Dije ta riƙe mara. Aka kira Iya Tabawa ungozoma. Ta shiga, ta jima, ta fito tana goge hannu.

Ta ce, "Ilu, naƙuda ce."

"Iya, ai da saura wata biyu."

"Na sani. Abin ya riga lokacinsa."

Da ya ji wannan kalma, sai ya tuna da hoton. Ya kutsa ɗakin, mata na yi masa tsawa. Ya zare hoton daga jere. Da ya duba, furen da ke cikin hoton ya fara zuba. Rassan sama sun zama fayau, ƙasan hoton ya yi rawaya.

Ya kwashi hoton, da fim ɗin, da kyamarar. Ya hau keke. Ana kiran magariba yana fita gari, mutane na shigowa.

Ya tarar da ita tsaye inda ya bar ta. Furen na zuba a kanta, ba iska.

Wannan karon ya yi sallama.

Ya durƙusa, ya ajiye hoton. "Ga shi."

"Saura."

Ya zaro fim ɗin, ya warware shi, ya ajiye.

"Saura."

Ya cire kyamarar daga wuyansa, abin da yake ci da shi ke nan. Ya ajiye. Ya ce, "Wallahi babu sauran komai. Ki bar min abin da ke cikin matata. Ba ruwansa."

"Ba ni na taɓa shi ba. Kai ka kai masa abin da ba ya jiran lokaci. In furen nan ya gama zuba, ya tafi."

Ya ɗaga kai. Reshe ɗaya ne ya rage da fure.

Ta ce, "Saura ɗaya. Da me ka duba?"

Ya gane. Tun ranar, duk sanda ya rufe ido, itacen yake gani. Hoton yana nan a idon dama, bai goge ba.

Ya ce, "Zai rayu?"

"Ba na alkawari. Ina karɓar nawa ne."

Ku ji fa. Ko tabbaci ba ta ba shi ba. Ya rufe idon hagu da tafin hannunsa, kamar zai ɗauki hoto. Ya buɗe na dama sosai. Ya ce, "Ɗauki."

Ta tsinko fure ɗaya, ta ɗora masa a kan idon. Ya ce babu zafi. Sanyi ne kawai, kamar an ɗiga masa ruwan randa.

Da ya sauke hannunsa, babu mata, babu hoto, babu kyamara. Itacen ya bushe ƙayau, sai reshen nan ɗaya da furensa, ya daina zuba.

Ya turo keken da ƙafa, don hanya ta rikice masa. Yana isowa ƙofar gida ya ji wani ɗan kuka siriri, kamar na ɗan kyanwa. Iya Tabawa ta fito da abu a cikin auduga, bai fi tafin hannu biyu ba. Ta ce, "Mace ce. Bakwaini. Tana numfashi." Sai ta ɗaga fitila ta dubi fuskarsa, ta yi salati. Idon ya yi fari fat.

Sagir. Ka gane ko? E, ita ce. Gwaggo Uwani, uwarku, wadda ke can tana kwashe muku tuwo.

Ita ma ba ta sani ba. Ce mata aka yi ƙaya ce ta soke shi a hanya, kuma haka yake so ta ci gaba da sani. Bai sake riƙe kyamara ba. Shi ya sa duk gidan nan babu hotonta tana jaririya.

Margar tana nan. Bara ma an ce ta yi fure cikin sanyi, 'yan birni suka so zuwa da wayoyinsu, Kaka Ilu ya tsaya a bakin hanya da sandarsa har suka juya. In kun ji itace ya yi fure ba lokacinsa ba, kada ku je kallo. Hanyar kufai kuwa, ko da rana, kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai.

Ku tashi, ga shi can yana lalube yana neman butarsa. Sagir, je ka miƙa masa. Ka bi ta hagunsa, don ya gan ka.