Gawayin Tsamiyar Bulabulin

Ana dab da magariba Muhsinat ta koma ɗakin baje zane-zane da ke GRA, don ta liƙa katin bayani na ƙarshe. Aikinta ke nan, fassara wa masu kallo irin zanen nan da ba mutum ba dabba, baƙi da fari kawai. Wannan na yayanta Umara ne. Bai sa hannu a jikin zanen ba. Sunansa yana kan katin da take riƙe da shi.

Tana shiga ta ji ƙaurin ɗanyen itace. Wata tsohuwa cikin baƙar lafaya na tsaye gaban zanen.

"Wushe, sannu Hajja. Ai an rufe."

Tsohuwar ba ta juyo ba. "'Yata, me kika gani a nan?"

Muhsinat ta jero abin da ta rubuta: baƙaƙen layukan ƙuncin birni ne, farin kuma sa rai da sauƙi.

"Boko," in ji tsohuwar, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Wannan ƙofata ce. Lanƙwasar nan reshen da jikokina ke lilo ne. Ɗigon nan uku kuwa, su ne."

Muhsinat ta dubi tawadar zanen. Da gawayi da ƙaro Umara ke haɗa tawadarsa. Watan jiya ya sare tsohuwar tsamiyar bayan gidansu a unguwar Bulabulin don gawayinta. Tun farko maƙwabta sun ce ya fara yi wa mazaunanta sallama, ya ba su kwana uku su tashi. Ya ce camfi ne, ya cinna wuta a kogon bishiyar.

Fanka ta tsaya cak. Tawada ta soma ɗiga daga zanen. Ɗis. Ɗis.

"Ban iya karatunku ba," tsohuwar ta raɗa. "Karanto min wanda ya yi."

Muhsinat ta dunƙule katin. Ta ja da baya. Ƙofa ta ƙi buɗuwa.

"Hajja, ki yi haƙuri, bai sani ba..."

"An gaya masa."

Tsohuwar ta juyo. Babu fuska cikin lafayar, sai garwashi.

Hayaƙi ya shaƙe Muhsinat. Ta nemi Ayatul Kursiyyu, ta kasa kama farkonta.

"Sunansa, ko hannunki. Hannun naki ma ya taɓa zanen."

Yatsun Muhsinat suka ɗau zafi. Ta ji ƙaurin fatarta.

"Umara!" in ji Muhsinat da ƙarfi.

Ƙofa ta buɗe. Ta faɗa waje, ladan na kiran salla.

Kafin ta isa Bulabulin, hannun daman Umara ya bushe ƙamas, baƙi ƙirin, yatsun na marmashewa. Malamai sun yi tofi har sun gaji.

Muhsinat ta bar aikin. Ita ke ba shi abinci a baki yanzu. Wani lokaci yakan tsaya da tauna, ya dube ta.

"Ƙanwata, ban sa suna ba fa. Yaya aka yi suka gane ni?"

Sai ta ɗebo wata lomar.