Batiran da Aka Maido wa Alhaji

A gonakin noman rani na Jiratawa suka fara haɗuwa, kuma faɗa ne ya haɗa su. Maijidda tana durƙushe gaban akwatin famfon sola na wasu masu noman zogale, mayafi ɗaure a ƙugu, sai ta ji murya a bayanta.

"Wa ya haɗa batiran nan biyu? Ɗaya tsoho ɗaya sabo, kuma ba gida guda suka hito ba. Ai kashe juna za su yi."

Ta waiwayo a fusace. Wani dogon saurayi ne mai askin soja, riƙe da hular moto, wato babur.

"Malam, raba su na zo yi. In kana da hannu ka kama, in baki kawai gare ka, ga hanya nan."

Ya ajiye hular ya kama. Kafin ruwa ya fara gudu cikin zogalen, ta san sunansa Ilyasu, ɗan Tsibiri, sarjan ne a sojan sama, mai kula da batiran jirage, ya zo gaida kawunsa. Shi kuma ya san ita ce ɗiyar Alhaji Maman Lawali, attajirin unguwar Zariya ta Maraɗi, wadda ta karanta lantarki ta ƙi zaman kanti. Ya nemi lambarta wai saboda shawarar aiki. Ta ba shi, tana sane sarai ba wani aiki.

Sauran samari suna zance da daɗin baki, shi Ilyasu da batir yake zance, kuma abin haushin, ita Maijidda daɗi take ji.

"Jiddata, ki ga ɗakin aikinmu. Kowane jirgi da irin batirinshi, da irin cajarshi, da irin bakin wayarshi. In na wanga ya mutu, ba ka iya aron na wancan. Ga tsada, ga jira. Shi ya sa muke gwajin iri guda da zai shiga kowane jirgi."

"To in ya mutu ba sai a tura ba?" ta ce da zolaya.

Bai yi dariya ba. "Jirgi mai saukar ungulu in ya sauka daji ɗaukar wanda aka harba, babu janareto, babu mai turawa. In aka kashe shi, batir kaɗai ke tada shi. In ya ƙi, su da wanda suka je ɗauka duk sun zauna."

A ranar ta tabbatar tana sonsa. Da ta isa gida ta tura masa saƙo: "Sojana, ko da ban san ka ba, da zan so a ce kai ne ke duba batirin jirgin da zai ɗauke ni."

Ya amsa: "Injiniyata, Allah ya sa kada ki taɓa buƙatarshi. Ni kan moto zan ɗauke ki, zuwa Tsibiri."

Alhaji bai yi murna ba. Ransa yana kan Habib, ɗan ƙanwarsa, wanda ke yi masa odar kaya daga waje. Sai da Hajiya Saudatu, mahaifiyar Maijidda, ta yi ta lallashi kafin ya yarda manyan Ilyasu su zo neman aure ranar wata Juma'a.

Ana cikin shiri abin ya ɓaci. Kamfanin Alhaji ne ya samu aikin kawo sababbin batiran gwajin nan, Habib ya yi odar, aka kai wa sojan sama. Wanda aka ba ya gwada su kuwa Ilyasu ne. Ya gwada, ya ce ba su yi ba, aka loda su a kamiyo, babbar motar kaya, aka maido su magazar Alhaji, ɗakin ajiyarsa na bakin kasuwa, da rana tsaka, kowa yana kallo.

Maijidda ba ta taɓa ganin mahaifinta haka ba. Yana kai kawo a falo, babbar riga tana zamewa daga kafaɗa.

"Tun da nake kasuwa, daga Maraɗi har Kano har Lome, ba a taɓa maido mani kaya ba! Sai yaron da ke neman ɗiyata?"

Habib yana zaune a ƙasa, murya a sanyaye. "Kawu, ni dai na san irinsu. Na goro yake nema, ko kuma so yake shi nuna muna shi ma wani ne."

Maijidda ta shige ɗaki ta ɗauki waya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne a bakin 'yan kasuwa ta ji labarin. Ta rubuta: "Ilyasu, ka san kayan Abba ne, ka rasa faɗa mani? Ka bari aka kunyata shi a kasuwa?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo. "Jidda, da na faɗa maki da na sa ki tsakanina da mahaifinki. Iri guda aka nema, iri uku aka kawo cikin riga guda. Wasu sun kumbura ina gwada su. Ki yi fushi da ni, na cancanta. Amma ba zan sa su a jirgi ba."

Ta kife wayar ta yi kuka.

Alhaji ya aika aka kira saurayin. Maijidda ta laɓe bayan labule, tana hango Ilyasu durƙushe a kan darduma, kansa a ƙasa.

"Magana guda ce, yaro. Ka koma ka ce ka sake dubawa, kaya lahiya lau. In ka yi haka, manyanka su zo Juma'a. In ka ƙi, kada su ɓata man motarsu."

Maijidda ta ƙara matsowa jikin labulen. Wallahi a lokacin so take ya ce to, ta kuma san in ya ce to, wani abu ya mutu a tsakaninsu.

"Baba, ina son Maijidda fiye da yadda bakina zai iya faɗi gabanka. Ka gafarce ni. Ba zan iya ba."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ilyasu ya fita bai ko ɗaga kai ba. Ta ji ƙarar motonsa tana nisa.

Juma'a tana matsowa, gidan ya yi tsit. Maijidda ta san in ta kawo wa mahaifinta bayanin lantarki, cewa zai yi soyayya ce ke magana. Sai wata safiya ta gan shi a ƙofar gida, an kawo buhunan shinkafa, ya sunkuya ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga na biyu, ya ce a mayar da na biyun. Haka yake tun tana ƙarama: ba ya yarda da rubutun jikin buhu, sai hannunsa ya auna.

Ta durƙusa gefensa. "Abba, batiran nan, ka ɗaga su?"

Ya harare ta. "Kayan jirgi ne. Mi na sani ciki? Habib na bar ma."

"Ban ce ka yarda da Ilyasu ba, ban ce ka yarda da ni ba. Ka ɗaga su kawai, yadda kake yi ma kowane kaya. In hannunka ya ce lahiya suke, ba zan sake ambaton sunanshi ba."

Sai da ta faɗa ta ji girman abin da ta sa a faifai. In hannun tsohon bai ji komai ba fa?

Bayan azahar suka je, har da Habib. Tanimu mai gadi ya ɗingiso ya buɗe ƙofar. Tsohon direban Alhaji ne, 'yan fashi suka harbe shi a ƙafa a hanyar daji shekarun baya. Zafin rufin kwano ya buge su kamar an buɗe tanda.

Batiran suna jere, launi ɗaya, girma ɗaya. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya kama na farko ya ɗaga, ya ajiye. Ya ɗaga na biyu. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya ɗaga na uku, sai ya tsaya. Ya koma ya sake ɗaga na farko. Sannan ya shafa gefen wani da tafin hannu, ya ji cikinsa ya turo.

"Habib. Waɗanga ba uwa ɗaya ta haife su ba."

Habib ya ce da sauri, "Kawu, kamfanin farko ba su da adadin duka. Sai na cike daga wasu wurare biyu, yadda muke yi da sukari. Ƙarhinsu guda a rubuce, wallahi ban yi don cuta ba."

"Kuma nan ka aje su kafin a kai? Ƙarƙashin kwanon ga?"

Habib ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne da ya ɗauka kowane kaya sukari ne, amma ƙazafin na goro shi ya fi ƙarfin yafiya a ranar.

Alhaji ya juya ga mai gadinsa. "Tanimu, ranar da jirgi ya ɗauko ka daga daji, sun kashe injin?"

"Sun kashe, Alhaji, sai da suka ɗaure mani ƙafa. Ina kwance ina jin matuƙin yana bisimilla kahin shi tada."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙafar Tanimu. Ya fita ya shiga mota, ya ce wa direba, "Tsibiri."

Da la'asar saƙo ya shigo wayarta: "Jiddata, Abbanki yana zaune kan tabarmar tsohona suna shan hura. Ya ce Juma'a tana nan. Mi kika yi?"

Ta rubuta tana dariya da hawaye: "Ba ni ba ce, Sojana. Hannunshi ne."

Alhaji ya ɗauki asarar, ya sake oda daga gida ɗaya, ya gina ɗakin ajiya mai sanyi. Sababbin suka ci gwajin Ilyasu, wanda bai sassauta musu ko kaɗan ba don na suruki ne.

Bayan kaka aka ɗaura aure a unguwar Zariya. Da aka shafa fatiha, Alhaji ya jawo ango gefe, ya riƙe hannunsa da hannun nan nasa mai auna kaya. Maijidda tana leƙe ta taga, ta ga idon mahaifinta ya kawo ruwa.

"Kai kaɗai ka taɓa maido mani kaya, kuma ka yi daidai. Ga mahi tsada cikin abin da na mallaka. Wannan kam ba a maidowa."

"Har abada, Baba."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma sa duk jirgin da ya sauka daji ya tashi da mutanensa.