Na'urar Da Ba Ta Aikin Komai

Rana na dab da faɗuwa Sarkin Waya ya gangara matakalar da ke kai mutum ɗakin na'urori na asibitin, da sabon faifan ajiyar bayanai ɗaya a hammata. Ba naɗa shi aka yi ba. Abokan aiki ne suka laƙa masa sunan, don mutum ne da ba ya iya ganin waya a karkace ya wuce ta. Kwana uku rabonsa da barcin kirki. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ƙafafunsa kamar an ɗaura musu bulo.

Can sama, a hawa na uku, mahaifiyarsa Inna na kwance. Gobe da safe za a yi mata aiki a kai. Hotunan ƙwaƙwalwarta da za a bi wajen aikin suna cikin ma'ajiyar bayanai da ke ƙasan nan, tare da na dubban marasa lafiya. Sake ɗauka kuwa ba ta taso ba, don ranar da aka ɗauki na farko da ƙyar tsohuwar ta farfaɗo daga allurar barci.

Ɗazu likitar da za ta yi aikin ta tare shi a bakin matakala. "Injiniya, hotunan nan su buɗe su rufe. In ban gan su da kyau gobe ba, ba zan taɓa Inna ba. Kuma ka san jikinta ba na jira ba ne."

Ya sani, har ya fi ta sani. Ma'ajiyar faifai goma sha biyu gare ta, an tsara su yadda in biyu suka mutu sauran za su riƙe kayan. In na uku ya bi su, shi ke nan, an yi ɓarin da ba a kwashewa. Shekaranjiya da magariba ɗaya ya mutu. Jiya da magariba wani ya bi shi. Hanyoyi biyun da ke haɗa ma'ajiyar da sauran kwamfutoci su ma ɗaya sai ta riƙa yankewa, har kwafin ajiya ya ƙi kammaluwa. Ya canza wayar gilashi, ya goge bakinta, ya karanta rahoton na'ura har layuka suka fara rawa a idonsa. Bai ga dalili ba. Kamfani kuma, da ya roƙi faifai biyu, guda suka aiko.

Ya buɗe ƙofa. Sanyin ɗakin ya doke shi kamar kullum, fankoki na ta gunjinsu. Sai dai yau akwai wani wari da bai saba ji ba. Ba na ƙonewar waya ba ne, wannan ya san shi ko cikin barci. Warin toka ne mai ɗumi, irin ta murhun da aka kashe ɗazu.

Idonsa ya kai kan gurbin da ke ƙasan kantar ƙarfe ta ƙarshe. Wayam. Nan ne wata tsohuwar na'ura ta shekara da shekaru a kunne, babu wayar da ta haɗa ta da komai sai ta lantarki. Tsohon injiniyan da ya gada, wanda kowa ke kira Baba Mai Tocila, ya manna mata takarda da rubutun hannunsa: A bar ta.

Ranar miƙa aiki ya tambaye shi, "Baba, wannan me take yi?"

"Ba ta yin komai, ɗana. Aikinta ke nan."

A lokacin dariya ya yi, ya ce a ransa tsufa ne. Kwana huɗu da suka wuce, yana gyaran ɗaki, ya kashe ta, ya ja ta ya jingine a lungun bayan ƙofa, har yana yaba wa kansa tsabta.

Ya jona kwamfutarsa da akwatin da ke rarraba layuka, ya duba jerin na'urorin da ke magana da ma'ajiyar. Takwas ya sani. Tara ya gani. Ta taran ba ta da suna, kuma wai ta kafar jona waya ta ashirin da huɗu take shigowa.

Ya zagaya bayan kanta. Kafa ta ashirin da huɗu babu waya a cikinta. Amma koriyar fitilarta na ƙiftawa, a hankali, kamar numfashin mai barci.

"Gajiya ce," ya faɗa a fili. Muryarsa ba ta yi masa daɗin ji ba.

Ya dawo gaba. Ya umarci ma'ajiyar ta kunna shuɗiyar fitila a kan ɗaya daga cikin matattun faya-fayan, yadda ake yi don kada a zare mai rai. Fitila ta kama. Ya kai hannu, babban yatsansa ya hau kan makullin. Saura ya danna.

Sai ya tuna Baba Mai Tocila, da tocilarsa a baki, durƙushe, yana cewa fitila ba ta rantsuwa, lamba ake karantawa. Ya ciro tocila ya haska 'yar takardar da ke goshin faifan. Ya dubi allo. Ya sake duban takardar.

Ba shi ba ne. Wannan da ransa.

Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

Shuɗiyar fitilar ta mutu. Ta kama a kan faifai na huɗu. Ta mutu. Ta kama a kan na tara.

Fankokin suka fara sassautawa, ɗaya bayan ɗaya, har ya soma jin bugun zuciyarsa. Ɗakin bai taɓa yin shiru haka ba.

Daga cikin ma'ajiyar, ta 'yan ramukan da iska ke fita, wani ya yi tari. Tarin tsufa, busasshe. Ya san irinsa, kwana uku yana jin sa a hawa na uku.

Sannan wata murya ta namiji, ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa:

"Kai ka tashe mu."

Addu'ar da ya iya tun yana yaro ta watse, sai farkonta yake ta maimaitawa.

"Mun zauna inda ba kowa. Ba mu taɓa muku komai ba. Ka kashe mana ɗumi."

"Ban... ban sani ba."

"An rubuta maka."

Tarin ya sake tashi, ya daɗe.

"Tsohuwarmu ba ta da lafiya. Nan da muka komo ya yi mata ƙunci. Duk juyin da ta yi, abinku ɗaya ya mutu." Muryar ta ɗan tsaya. "Ga ta nan za ta sake juyawa."

Ƙas.

Makullin faifai na tara ya ɓalle da kansa.

Ya daka tsalle ya danne shi da tafin hannu. Daga ciki wani abu na turowa, mai laushi, mai nauyi, kamar kafaɗar mutum.

"Don Allah," ya ce cikin raɗa. "Uwata na sama. In wannan ya fita, ta tafi."

"Mu ma tamu ce."

Babu fushi a muryar. Gajiya ce zalla, irin tasa. Wannan ya fi komai tayar masa da tsigar jiki.

"Ku riƙe ta. Minti biyu. Zan mayar."



"Yi sauri. Ba ta jin magana."

Ya saki. Ya ruga bayan ƙofa. Na'urar da mutum biyu ke ɗauka, shi kaɗai ya ja ta, ƙarfe na kukan ƙasa, farcensa ɗaya ya fita bai ji ba. Ya tura ta gurbinta. Ya soka wayar lantarki. Ya danna.

Ba ta tashi ba.

Ƙas. Faifan ya leƙo da faɗin yatsa.

Ya sake dannawa. Ya buga mata hannu.

Tsohuwar fanka ta yi gurnani, ta yi tari, ta kama.

Wata iska mai ɗumi ta bi ta ƙafafunsa. Ya runtse ido, amma kunne ba ya runtsuwa. Sawu ne ƙanana, da yawa, suna tafiya a hankali, tafiyar masu ɗauke da mara lafiya. Wani abu kamar gefen zane ya shafi idon sawunsa.

Fankoki suka dawo da gunjinsu gaba ɗaya. Fitilar kafa ta ashirin da huɗu ta mutu.

Ya tura na tara ya koma, bai kai ga rabuwa da mazauninsa ba. Ya nemo ɗaya daga cikin matattun da tocila, ya karanta lambarsa sau uku, ya zare, ya sa sabo.  Da allo ya nuna ma'ajiyar ta fara gina kanta, ko kwamfutarsa bai tsaya ɗauka ba. Da rarrafe ya gama hawa matakalar.

Hotuna suka buɗe da safe. Aka yi wa Inna aiki, aka dace.

Kwana biyu bayan nan yana zaune gefen gadonta yana gyangyaɗi, ta taɓa shi.

"Kai, wace ce tsohuwar nan da ta zo duba ni jiya da magariba? 'Yar ƙarama haka, tana tari."

"Ba a barin kowa ya shigo, Inna."

"To ita ta shigo. Nan ta zauna inda kake. Ta ce in gaishe ka, ita ma ta ji sauƙi." Inna ta harare shi da idon da ba a naɗe ba. "Ta ce kuma in faɗa maka ka rage karambanin taɓa abin da ba a sa ka ba. Na ce mata, baiwar Allah, tun yana rarrafe nake fama."

Ya sunkuya ya shinshina hannun kujerar. Toka mai ɗumi.

Tun daga ranar ba ya shiga ɗakin nan sai ya yi sallama, kuma ba ya bari magariba ta same shi a ciki. Ya sake manna takarda a goshin tsohuwar na'urar, ya ja mata wayar lantarki ta biyu daga batirin ko-ta-kwana. Da masu binciken kayan aiki suka zo, shugabarsu ta nuna ta da biro ta ce, "Injiniya, wannan me take yi?"

Ya dubi yatsansa da farce bai gama fitowa ba.

"Ba ta yin komai, ranki ya daɗe. A bar ta."