Ƙanƙara a Kofin Ong Dia

"Wa ke da makullin ɗakin tanki in ba ni da kai ba?" Khue ta tambaya.

"Da babanki," in ji Lam.

"Cire babana daga bakinka."

A haka Sufeto Truc ya same su. Lungun duk warin giya yake. Wani ya buɗe famfon tanki lokacin barcin rana, giyar ta bi kwata ta tafi. Ita ce wadda za su kai gasa da yamma, inda masu dafa giyar Saigon da na Hanoi za su kara. Wanda ya ci, za a ba shi shago a Hanoi. Yanzu kumfa kawai ta rage a ƙasa.

Khue ce mai wurin, 'yar nan Saigon da ke kudu. Lam ne mai dafawa, ɗan Hanoi da ke arewa, kuma zoben baikon da ke hannunta nasa ne.

Truc ya duba ƙofa. Ba a fasa ba. Ya ja kujerar roba ya zauna.

"Ƙanwata, me ya sa kike zarginsa?"

"Abokansa na Hanoi suna cikin gasar, Yaya. Kullum faɗa yake giyar Saigon ruwan wanke kofi ce."

"Cewa na yi kuna kashe ta da ƙanƙara," in ji Lam. "Tun damina nake gyaran wannan giyar. In zubar da ita in kai me?"

"Ina kake da rana?"

"A sama, ina barci. Ni kaɗai."

Truc ya ɗaga kai. A bango akwai allo da rubutun hannun Khue: ba ma sa ƙanƙara a giya, kada a tambaya.

Aka kira Inna Nhan, mai kawo ƙanƙarar sanyaya kwalabe. Ta zo tana fifita da hularta.

"A bakin ƙofa nake ajiyewa, ɗana. Ba ni da makulli. Da rana ina wurin mai taliya, tambaye ta, ita da surutu kamar rediyo."

Ya tambaya. Gaskiya ta faɗa.

Da ya dawo, bai koma wurin tankin ba. Ya tsuguna a gindin ƙofa, gaban ɗan teburin Ong Dia, gunkin nan mai tumbi da ke tsaron gida. Ayaba, kofin gahawa, turaren tsinke da bai gama ci ba. Sai kuma tambulan cike da giya har baki. Ya ɗaga ya shinshina. Ƙamshin barkono da lemun tsami.

"Giyar gasar ce?"

Lam ya shinshina. "Ita ce. Amma ni gahawa nake ajiye masa da safe."

Giyar ta koɗe, samanta kamar ruwa. Inda tambulan ya zauna, katakon ya jiƙe.

"Ina tsohon?" Truc ya tambaya.

Kawu Bay, baban Khue, yana ɗakin baya, kwance a ragar lilo, ƙarƙashin hoton marigayiya matarsa, wanda kullum yake kunna wa turare. Gidan nasa ne. Shi ya ba 'yarsa ƙasan ta kafa tankuna.

"Kawu, zafi ya yi yawa. Mu sha ɗaya?"

"Ɗan sanda da giya a bakin aiki? Lallai ƙasa ta ci gaba."

Truc ya buɗe kwalba ya zuba masa. Tsohon bai ko duba ba, hannunsa ya shiga bokitin da ke gefe, ya ɗauko dunƙulen ƙanƙara ya jefa a ciki. Sai hannun ya tsaya a sama. Ya kalli Truc, ya kalli tambulan Ong Dia da Truc ya ɗauko ya ajiye kusa da nasa.

Khue da Lam suna tsaye a ƙofa.

"Makulli uku ne," in ji Truc, a hankali. "Wanda ya buɗe famfon ya san zai yi ɓarna a gaban Ong Dia. Sai ya fara tara masa kofi ɗaya, ya kunna turare, ya nemi gafara. Baƙo ba ya haka. Kuma ya ba shi yadda shi kansa yake sha. Ƙanƙarar ta narke, ta cika kofin, ta jiƙa katako. Lam ko da wuƙa a wuya ba zai sa ƙanƙara a giyarsa ba. Ke kuma, Khue, ke kika rubuta allon."

Kawu Bay ya kurɓi giyar.

"Ong Dia ɗan kudu ne," ya ce. "Ba ya shan giya da ɗumi."

"Baba," in ji Khue. Muryarta ta yi ƙasa. "Don me?"

"Na ɗanɗana ta jiya. Na san za ku ci."

Lam ya sunkuyar da kai. Wannan ne karon farko da tsohon ya yabi giyarsa.

Truc ya miƙe ya gyara hularsa. "Ƙanwata, dukiyarki ce. In kin shigar da ƙara, zan tafi da shi. In ba ki shigar ba, ban zo ba."

Khue ba ta dube shi ba. Tsohon take kallo, shi kuma hoton da ke samansa.

"Hanoi da nisa," in ji tsohon. "In kun tafi, ni kuma na bi uwarki, wa zai riƙa kunna mana turare a gidan nan?"