Koren Kaftanin Da Aka Dawo Da Shi

Nuhaila na durƙushe a tsakar ɗaki tana naɗe kaya, wayarta jingine da gwangwanin sukari tana ɗaukar bidiyo, sai mai kai kaya ya buga ƙofa. Mamanta, Lalla Batul, ce ta karɓo ƙunshin ta dire mata a gaba, ta koma kicin tana mita, wai gidan nan ya zama tashar kaya, wannan ya fita wancan ya dawo.

Shekara uku ke nan Nuhaila na ɗinka kaftanin mata a gidansu da ke birnin Sale na ƙasar Maroko tana sayarwa ta intanet. Ba ta sa sunanta a shafin ba, ba ta sa fuskarta ba, kaya kawai take nunawa. Dokarta kuwa a rubuce take a saman shafin: wadda ba ta so ta dawo da kaya cikin kwana uku ta karɓi kuɗinta, matuƙar ba ta sa ba. Shi ya sa duk kayan da za su fita sai ta ɗauke su a bidiyo, gaba da baya, kafin ta rufe. Mata sun koya mata hankali tun shekarar farko.

Tana buɗe ƙunshin ta gane shi. Koren karan-miski ne mai aikin zare ruwan gwal, wanda ya cinye mata mako biyar. Wata mai kiran kanta Ummu Rayan ce ta saya, dirhami dubu biyu da ɗari biyu, aka kai mata wani ofis a Rabat. Ga ɗigo-ɗigon tabo nan a kafaɗa har zuwa ƙirji. Nuhaila ta ɗaga shi ta shinshina. Ruwan furen lemo ne, da turaren wuta a ƙarƙashinsa. Duk 'yar Maroko ta san inda ake kwaso wannan ƙanshin: gidan biki, inda uwar gida ke tsayawa a bakin ƙofa da butar azurfa tana yayyafa wa baƙi. Karan-miski kuwa ba ya shiri da ruwa.

Ba a jima ba saƙo ya shigo. Wai haka kayan suka zo mata da tabo, ba ta ko gwada ba, a mayar mata da kuɗinta yau. Nuhaila ta tura mata bidiyon ranar da ta naɗe shi, tsaf babu ko ɗigo, ta ce cikin ladabi an sa kayan, ba za ta iya karɓa ba. Matar ta hau sama. Kafin la'asar ta rubuta a shafin, inda kowa ke gani, cewa mai wannan shago 'yar damfara ce, tsofaffin kaya take sayarwa. Ta kuma turo lambar asusunta na banki, wai ta ba ta kwana biyu.

Nuhaila ta dubi sunan da ke tare da lambar. Asusun banki ba ya ɗaukar sunan aro. Gizlan Tazi aka rubuta, yayar Marwan, uwa ɗaya uba ɗaya.

Marwan malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare. Wata biyu ke nan da iyayensa suka zo neman auren Nuhaila da sukari da furanni aka karanta Fatiha, an sa biki bayan Babbar Sallah. Yaro ne mai sanyin hali, kuma yana son Nuhaila so na gaskiya, irin wanda zai tsallako kogi daga Rabat zuwa Sale bayan an tashi makaranta don kawai ya kawo mata zaren da ta ce ya ƙare. Aibinsa ɗaya, gani yake duk rigimar duniya kofin shayi ɗaya zai kashe ta. Da ta gaya masa, dariya ya yi, ya ce ai abin ya zo gidan sauƙi, bari ya kira yayarsa. Ta roƙe shi ya dakata. Ina, har ya danna.

Gizlan ba ta san shagon na budurwar ƙaninta ba ne. Da ta ji, kunya ta kama ta, amma maimakon ta sauko sai ta riga kowa zuwa wurin uwarsu, Lalla Zuhur. Ta ce ta sayi kaftani don bikin Marwan, aka aiko mata da mai tabo, ta mayar, ashe surukar da za a kawo musu ce, kuma har tana ce mata maƙaryaciya. Ta rantse, ta yi kuka. Lalla Zuhur mace ce mai ji da gidanta, ta ce magana biyu ce: a mayar da kuɗi, kuma yarinyar ta rubuta a shafin nata cewa kuskuren daga gare ta yake. In ba haka ba a ɗaga biki, sai an sake tunani.

Washegari Marwan ya zo gidan, fuska a yamutse. Suka zauna a falo, Lalla Batul na kai da kawo da tiren shayi don kada maganar ta wuce ta. Ya ce shi zai biya daga albashinsa, ba wanda zai sani, ita dai ta rubuta layi biyu a wuce wurin.

"Kuɗin ba komai ba ne, Marwan," in ji ta. "Ko yau zan iya ba ta. Amma ka ce in rubuta da hannuna cewa na cuci mutum, alhali ban cuta ba?"

"Yayata ta rantse, Nuhaila."

"Ni ma in rantse ne, sai ka auna ka ga wadda ta fi nauyi?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce wallahi ya yarda da ita, ya ga bidiyon, amma mamarsa ba ta ɗaukar shaidar waya, cewa take yi yaran yanzu suna iya sa jaki ya yi magana a cikinta. Ya tashi ya tafi, shayinsa ko kurɓa bai yi ba. Nuhaila ta shige ɗaki ta yi kukanta mai isarta, don ta ji zafin maganar rantsuwar nan ƙwarai.

Mamanta ma ba ta raga mata ba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin inda aka yar da miji saboda layi biyu a waya ba, su da aka yi musu aure sun haɗiye abin da ya fi wannan ɗaci. Nuhaila ta ce shafin nan shi ke biyan kuɗin wuta da maganin Baba, kuma sunan shagonta kaɗai ne jarinta. Ranar da ta amsa laifin da ba ta yi ba, duk mai biki a gaba za ta sa kaya ta dawo da su. Gaskiyarta kuwa, don a kwana uku mata huɗu sun fasa ɗinkin da suka ba ta.

Ran Laraba sai ga saƙo daga wata tsohuwar mai sayenta. Ta ga rigimar a shafi, ta turo wani bidiyo, ta ce wannan ba koren kaftaninki ba ne? A bikin 'yar uwar mijinta ne a Meknes, Asabar da ta wuce. Nuhaila ta buɗe. Ga Gizlan nan a tsakiyar fili cikin karan-miski, kai ba ɗankwali, tana rawa cikin mata, ɗamara na ƙyalli. Matar ta ƙara da cewa ta liƙa shi a shafi kawai, kowa ya ga maƙaryaciyar.

Nuhaila ta daɗe riƙe da wayar. Dannawa ɗaya ce, sunanta ya wanku, masu saye su dawo. Kuma zuciyarta ta so, kada ma a ce ba ta so ba. Amma matar aure ce, a cikin taron mata, ta saki jiki don ta san ba namiji. A sa ta a gaban duniya, mijinta ya gani, abokan aikinta su gani, Marwan ya shiga aji ɗalibai na yi masa kallon ƙasa-ƙasa. Ta gode wa matar, ta roƙe ta don Allah kada ta tura wa kowa. Ko Marwan ba ta nuna wa ba.

Ran Juma'a bayan an ci kuskus ta ce wa mamanta ta shirya ta raka ta gidan su Marwan. Ta sa kuɗin a ambulan, ta naɗe kaftanin a farin ƙyalle. Lalla Batul ta yi hamdala, a zatonta 'yar tata ta sauko.

Sun tarar da gidan a cike. Gizlan na gefe tana latsa waya, Marwan na tsaye a bakin ƙofar falo kamar wanda aka kira ofishin shugaban makaranta. Ashe da safiyar nan ya gaya wa mamarsa cewa ko an ɗaga biki shekara goma, shi Nuhaila zai jira, abin da ya ƙara hura wutar ke nan. Lalla Zuhur ta amsa gaisuwa a daƙile. Aka kawo shayi don al'ada, ba don marmari ba.

Nuhaila ta ajiye ambulan a kan tebur, ta ajiye ƙunshin a gefensa.

"Halti," ta ce wa Lalla Zuhur, wato inna, "ga kuɗin, cif-cif. Ga kuma kayan, na bar mata, don ba zan iya sayar wa wata da su ba. Rubutun ne ba zan yi ba. Ki yi haƙuri, ba raini ba ne."

Lalla Zuhur ta ce to bari ta ga wannan kaya da ake ta tayar da jijiyar wuya a kansa. Gizlan ta zabura, ta ce ba sai an buɗe ba, Mama, magana ta ƙare tunda an kawo kuɗi. Amma tsohuwa ta riga ta kama bakin ƙyallen.

Ta ware shi a kan cinyarta. Ta dubi kore, ta dubi aikin zaren, ta bi tabon kafaɗar da yatsa. Sannan ta ɗaga shi zuwa hancinta. Abin da Nuhaila ba ta sani ba shi ne Lalla Zuhur na wurin bikin Meknes. Amarya 'yar ƙanwarta ce, kuma ita aka ba butar azurfa ta tsaya a ƙofa. Ta tuna Gizlan na shigowa cikin wannan koren, ta tambaye ta ina ta samo, ta ce aro ta yi wurin ƙawarta. Ta tuna yadda ta ji daɗin ganin 'yarta ta fi kowa kyau, har ta yayyafa mata sau biyu.

"Wannan tabon hannuna ne," in ji ta, a hankali. Ta juya ta dubi Gizlan. "Aro, ko? A gabana kika rantse."

Gizlan ta fashe da kuka. Ta ce kowa na yi, ƙawayenta duk haka suke yi, a sa dare ɗaya a mayar, ba ta san na gida ba ne. Uwar ta ce ashe in na waje ne halal ne ke nan? Ta juya wurin Nuhaila ta tambaye ta ko ta san an sa shi a biki. Nuhaila ta ce ta sani. Tsohuwa ta ce da me ta sani, ƙanshi kawai? Sai Lalla Batul, wadda bakinta ya gaji da riƙo, ta ce ai har bidiyon rawar an turo mata tun Laraba, yarinyar nan ta zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai.

Marwan ya dubi Nuhaila. Gizlan ma ta ɗago, idanu jawur, don ita ta fi kowa sanin abin da bidiyon nan zai yi mata a gidan mijinta.

"Me ya hana ki sawa, 'yata?" in ji Lalla Zuhur.

"Gidan da zan shiga ne, Halti. In na yaye masa rufi, a ina zan zauna?"

Tsohuwa ta ɗauki ambulan ta sa mata a hannu, ta naɗe yatsunta a kai. Ta ce kuɗinta ne, guminta ne. Kaftani kuwa Gizlan ta saya, kuma shi za ta sa ranar bikin ƙaninta, da tabon da komai. Rubutu ma za a yi, amma ba Nuhaila za ta yi ba. A nan zaune Gizlan ta goge zaginta daga shafin, ta rubuta cewa kaya lafiya suka zo mata, kuskuren nata ne.

A hanyar komawa Marwan ya rako su har tasha. Ya ce ta yafe masa maganar rantsuwa. Ta ce ta yafe, amma nan gaba in ta ce ya dakata da waya, ya dakata. Ya ce ya ji, malama.

Biyu daga cikin matan da suka fasa ɗinki sun dawo, biyu ba su dawo ba, haka kasuwa take. Nuhaila ta ƙara layi ɗaya a dokar shafinta: kayan da suka dawo da ƙanshin furen lemo ba a karɓa.

Wanda duk ke da gaskiya a hannu, ba dole ba ne sai ya tozarta wani kafin ta yi masa aiki, kuma haƙuri ba shi ne amsa laifin da ba ka yi ba. Nuhaila ta riƙe gaskiyarta, ta rufa asirin wadda ta zage ta, Allah kuma ya bar mata sunanta da mijinta.

Ranar biki Lalla Zuhur ce a ƙofa da butar azurfa. Gizlan ta wuce cikin korenta, ta yafa mayafi a kafaɗa ɗaya. Da amarya ta iso, tsohuwa ta kama hannun rigarta ta ɗage shi sama da kyau, sannan ta ɗiga mata ruwan a tafin hannu.