Rabin Gemun Mai Aski

Tun ranar da Auta ta tare a gidan Mai Aski, a hagunsa take zama kan doguwar kujerar falo. Ko da ciwon daji ya kama huhunsa, tari ya hana shi buɗe shago, ba ta sauya wuri ba.

Sai ga mutum ya canza. Kullum da safe ciwon kai da amai, ga faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ya daina kallonta. Tana gefensa, amma sai ka ce babu kowa a wurin.

Umma, mahaifiyarta, ta gani da idonta, ta ce jinya daban, wulaƙanci daban. Ta turo Yaya, wan Auta, ya taho da ita gida.

Auta ta haɗa akwati tana kuka, ta shiga ɗaki yi masa sallama. Ta tarar da shi gaban madubi, ya ajiye reza yana shafa fuska, wai ya gama. Kuncin dama sumul, na hagu kuwa gemu cunkus. Mutumin da gari guda ke layi a shagonsa!

Ta ƙura wa kuncin hagun ido. Ta tuna farantinsa da ke dawowa kullum, dama a cinye, hagu ko taɓawa bai yi ba. A hankali ta zagaya ta tsaya a damansa.

Fuskarsa ta washe. "Auta! Ina kika shiga kwana biyu? Muryarki kawai nake ji."

Yaya da ke tsaye bakin ƙofa ya dire akwatin, ya fita neman mota.

A asibiti aka yi masa hoton kai. Likita ta ce ciwon ya kai ƙwaƙwalwa, kuma ƙarin ya danne wurin da ke lura da duk abin da ke hagu. Ba ta yi alkawarin warkewa ba, amma ta ce magani zai rage kumburin, kuma da an ƙara jinkiri da abin ya fi haka. Umma ta riƙe baki tana tasbihi: ɗan ƙari kamar wake ya ɓoye wa bawan Allah rabin duniya, har da matarsa.

Wanda ciwo ya sauya wa hali, asibiti za a fara kai shi kafin a yanke masa hukunci. Da suka koma gida, Umma da kanta ta ɗauki matashin Auta daga hagun kujerar ta mayar da shi dama.

"Zauna nan, 'yata, inda zai gan ki."